Duna, Karen Rugar Jaɓɓi

Shekaranjiya ina zaune a kan bencin nan na ƙofar shagonku, wani mutum ya zo daga ƙauye ya ce cikin karensa ya ɗaure, ba ya kashi. Ɗayanku bai tambaye shi komai ba, ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko maganin wankin ciki ya ba shi. Ban yi magana a gaban mai saye ba. Na dai bi shi har tasha na ce kada ya ba karen sai ya kawo shi na gani. Jiya ya kawo shi, na taɓa cikin, na ce ya ba shi, ba abin tsoro. Sa'a kuka yi. To tunda yau kasuwa ba ta ci, ku jawo kujerunku, in gaya muku abin da ya sa na bi mutumin nan da tsufana.

Ku kuna ganin aikin dabbobi sanin sunan magani ne. A kawo ƙorafi, a duba kanta, a miƙa. Mu da muka fara, maganin ne ƙarshen abin da ake barin mutum ya taɓa.

A Anka na fara, gab da soja su miƙa mulki ga farar hula, lokacin duk ƙasar nan Sakkwato take kallo. An ɗauke ni leburan allura a ƙarƙashin Malam Ummaru, wani dogon mutum marar yawan magana wanda ya yi aikin shanu tun zamanin En'e. Aikina na farko dafa allurai. Sirinjinmu na ƙarfe ne da gilashi, ana kwance shi ɗaya bayan ɗaya a sa a tukunya a kan risho, ya tafasa, a tsame da hantsaki a jera a kan farin ƙyalle. In allura ta dakushe ba a yar da ita, a kan dutse ake wasa ta. Daga nan na koma riƙe hancin sa, da kayar da saniya da igiya ba tare da an karya mata ƙugu ba, da huda kunnen wadda aka yi wa rigakafi don a gane ta baɗi. Sai da damina ta zagayo kafin Malam Ummaru ya bar ni na soka allura a jikin dabba. A akwatinsa akwai ma'aunin zafi, da ƙarfen dandaƙa, da almakashi, da mazurari, da wata doguwar roba mai laushi, da sabulu. Amma kullum in muka isa wurin dabba marar lafiya akwatin yana rufe yake fara aiki. Zai tsaya nesa ya dube ta. Ya tambayi mai ita abin da ta ci da inda ta kwana. Sannan ya naɗe hannun riga.

Wani kare da wani maharbi ya kawo mana ofishin Anka shi ne na farko da na ga an duba. Yadda kuka san mutanenmu da kare, haka ma'aikatan ofis suka watse suka bar shi a gindin darbejiya. Malam Ummaru ya kira ni ya ce in zo in riƙe, ruwa da ƙasa ba su ƙare a duniya ba, in mun gama ma wanke. Karen yana ta amai, cikinsa ya kumbura ya yi tauri, dasashinsa ya yi fari. Maharbin ya ce da ya ga ba ya kashi sai ya dafa ganyen filasko, mai wankin ciki, ya ɗura masa, da bai yi ba ya ƙara. Malam Ummaru ya taɓa cikin kaɗan, ya ce masa an makara. Kafin la'asar karen ya mutu. Ya roƙi maharbin ya bar mana gawar, muka kai bayan gari ya farke cikin, ya nuna mini. Totuwar masara ce ta tokare a cikin ƙaramin hanji. Filaskon ya yi ta tura hanjin a kan abin da ba ya motsi har hanjin ya yage. Ya sa na kama totuwar ta bayan hanji, na rufe ido, na lallatsa, ya ce in riƙe wannan a yatsuna. Sannan ya kai hannuna kan babban hanji ya ce nan in abu ya tsaya dogo ake jin sa, kamar gaɓar rake, kuma shi ana iya cim masa ta baya. Wancan kuwa wuƙa kaɗai ke fitar da shi. Ya ce daga waje duk ɗaya suke, kare ne ba ya kashi. Maganin da zai warkar da wannan shi zai kashe wancan.

Bayan na yi ɗan kwas na dawo, aka tura ni Bukkuyum, aka ba ni babur. Masu nemana iri-iri ne. Manoman gari da shanun huɗa, mata da tumakin da suke turke don layya, fatake da jakai masu gyambon baya. Fulani kuwa sai da muka daɗe kafin mu saba. An daina jangali, amma tsoron mutumin gwamnati mai kallon garke bai fita ransu ba. In ka doso ruga sai ka tarar da rabin shanun sun shiga daji. Na koyi cewa ba a ƙirga shanun mutum da yatsa, ba a kuma shiga maganar allura kafin a sha nono a tambayi lafiyar kowa. Sammore, ciwon hanta, harbin daji, ciwon huhu, su ne abincinmu na yau da kullum. Kare kuwa sai a shekara ba a kawo mini shi ba, in ba wanda ya ciji mutum ake tsoron hauka ba.

Sai shekarar bushiya, annobar shanu. Ku tambayi kowane dattijon Bafulatani daga Gummi har Anka, zai gaya muku inda yake a shekarar. Saniya za ta fara da zazzaɓi, ido da hanci su yi ta zuba, baki ya yi gyambo, sai zawo mai wari da jini, sai ta kwanta. Garke guda ya kwanta cikin ɗan lokaci. Mutanen da ke ɓoye mana shanu su ne suka riƙa tare babur ɗina a hanya suna riƙe da kan. Maganin rigakafin kuwa sai da sanyi yake rayuwa, ga shi ƙanƙara daga nesa ake kawo ta, kafin ka isa wata rugar ta narke. Wadda ta riga ta kamu ba abin da allura za ta yi mata. Aikinmu ya koma raba masu lafiya da marasa lafiya, da sa mutane haƙa rami. Ungulu sun ƙoshi har ba sa iya tashi. Kuraye ma sun ƙoshi, sun hayayyafa, sun saba da zuwa bakin ruga ba mai korarsu. Abin da mutane ba su yi lissafi da shi ba shi ne ranar da mushen zai ƙare. Da bazara ta shigo ya ƙare, kurayen suka juyo kan 'yan abin da ya tsira.

A wannan bazarar ne, ranar kasuwar Gwashi, ina duba awaki a gindin wata tsamiya, na lura da wani dattijon Bafulatani tsaye da sanda a kafaɗa, yana ta barin na bayansa su wuce. Na san shi, Jaɓɓi sunansa. Kafin bushiya jajayen shanunsa in suka doso gulbi sai an ba su hanya. 'Ya'yansa maza sun bi wani dangi kudu neman kiwon haya, an bar shi da matarsa Inna Dije a ruga. Sai da kowa ya watse ya matso, muka gaisa, ya ce mai gadinsa ne ba lafiya. Na ce ai sai ya kai shi disfensari, ni na dabbobi ne. Ya dubi ƙasa.

"Malam, ba mutum ba ne. Karena ne, Duna. Na san ba aikinka ne ba. Amma in wanga kare ya mutu, abin da ya rage mini bai kai damina."

Na ɗora shi a bayan babur muka tafi. A hanya yake gaya mini abin da ya rage masa: karsana guda mai ciki, da 'yan maruƙa da uwayensu suka mutu suka bari, da tsohuwar saniya wadda ta yi bushiyar ta tashi. Duna ne ke kwana a bakin shingen. Kura ba ta tsoron tsoho mai sanda, amma kare mai murya yana tayar da mutum tun tana nesa, kuma Duna ba haushi kaɗai yake yi ba, yana fita.

Mun same shi a inuwar rumbu. Baƙin kare ne dogo, irin na Fulani, mai farin ƙirji, haƙarƙarinsa duk a waje. Na tsaya nesa kamar yadda aka koya mini. Yana dalalar da miyau, kuma abin da na fara tsoro ke nan, don maƙwabta har sun fara cewa a kashe shi hauka ce. Na sa aka ajiye masa ruwa a kasko. Ya taso ya sha da kyau, idonsa a kan Jaɓɓi, yana kaɗa wutsiya kaɗan. Hankalinsa na nan. Ba a jima ba ya amayar da ruwan, da wani abu rawaya. Sai ya miƙe ƙafafun gaba ya kwantar da ƙirji a ƙasa, ƙugu a sama, ya tsaya haka. In kun ga kare ya yi wannan tsayuwar ba wasa yake ba, ciki ne ke ciwo. Daga nan ya koma gefe ya tsuguna yana yunƙuri, ba abin da ya fito sai ɗigon majina da jini.

Na tambayi Jaɓɓi abin da karen ya ci. Ya ce bai sani ba. Inna Dije ce ta amsa daga bakin bukka, ba ta ko dube mu ba. Ta ce da can tsala da ɗaurayar ƙwarya yake sha har ya bari, yanzu nonon da ake samu ko maruƙan bai isa ba. Ta ce ta ga faratansa da jar ƙasa, kuma jar ƙasa a wajen nan sai a ramin da aka binne shanu. Muka je muka duba. Ramin ƙarshe ne, wanda Jaɓɓi ya haƙa shi kaɗai bayan yaran sun tafi, bai yi zurfi ba. An tone gefe guda. Ga busasshiyar fata a yayyage, ga ƙasusuwa an gurgura.

Da muka dawo na ga tukunya a kan murhu, na ji ƙanshin da na sani. Filasko ne. Inna ta ce ta dafa tun safe, jira take ya huce, shi take ba kowa a gidan in ciki ya ɗaure. Na ce, "Inna, don Allah a sauke shi tukuna. In na taɓa na ga na filasko ne, ni da kaina zan ce a kawo." Ta sauke, amma ba ta zubar ba.

Mun ɗaure bakinsa da tsumma, aka zagayo da shi bayan kunnuwa. Jaɓɓi ya riƙe kai yana yi masa magana da Fillanci. Na ɗaga leɓe na danna dasashi, ya bushe amma da sauran ja, kuma jan yana dawowa in na ɗaga yatsa. Na ja fatar wuya, ta daɗe a tsaye kafin ta kwanta, alamar ruwan jiki ya ƙare. Ma'aunin zafi bai nuna zazzaɓi mai yawa ba. Na kara kunne a cikin, na ji ɗan motsi can ƙasa-ƙasa, hanjin bai mutu ba. Sannan na sa hannu biyu, ɗaya ta kowane gefe, na fara daga haƙarƙari ina tafiya baya a hankali. Ramammen kare ba ya ɓoye komai. Ta wajen ƙugu na ji shi, dogo, da tauri kamar dutse, gaɓar raken Malam Ummaru. Na shafa man gyaɗa a yatsa na duba ta baya, na taɓo ƙarshensa, yana da kaifi kamar tsingaro. Ƙashi ne ya niƙe ya daskare. Wannan na san abin yi da shi. Amma da na sake komawa gaba sai na ci karo da wani dunƙule daban, kamar ƙwan zabo, a tsakiyar cikin. Ina taɓa shi karen ya yi ƙara ta cikin tsumman. Na yi ta juya shi a yatsuna. Ban iya cewa a ƙaramin hanji yake ko a farkon babba ba.

Na gaya wa Jaɓɓi yadda abin yake. Na ce abu biyu ne. Na baya zan iya fitar da shi, in Allah ya so. Na gaban in a babbar hanya yake, zai biyo baya in an buɗe masa. In kuwa a ƙaramar ya tokare, sai an yanka ciki, kuma ni ba ni da kayan wannan, ba a kuma koya mini ba. Masu yi suna Sakkwato, karen nan kuma ba zai kai ko Gummi a kan babur cikin wannan rana ba. Ya tambaye ni yaushe za a sani. Na ce karen ne zai gaya mana. In aman ya tsaya, alheri. In cikin ya kumbura ya yi tauri, dasashi ya yi fari, to hanji ya yage, kuma barinsa da rai a lokacin zalunci ne. Ya ce in yi abin da zan iya.

Na sa Inna ta jiƙa busasshiyar kuɓewa ta tace mini yauƙin. Na haɗa shi da ruwan ɗumi, ɗumin da gwiwar hannu za ta jure, da ɗan sabulu kaɗan. Muka kwantar da karen a kan tsohon buhu, ƙugu ya ɗan fi kai tudu. Na shafe robar da mai, na zura ta a hankali ta gefen abin da ya daskare, na sa mazurari a ɗaya bakin. A nan ne masu gaggawa ke ɓarna. Ba a tura ruwan da ƙarfi. Mazurarin ake ɗagawa kaɗan, ruwan ya gangara da kansa, in ya tsaya kai ma ka tsaya. Na zare robar, na toshe da hannu na ɗan lokaci, ɗaya hannun yana murza dogon abin ta waje don ruwan ya ratsa shi. Da muka sake shi, ruwa ne ya fito, baƙi, da 'yan ɓarɓashin ƙashi. Na sa yatsa na ɓanɓaro abin da ya yi laushi, wanda ya kafe na jawo da ƙaramin hantsaki. Abin da ya fito a ranar bai cika tafin hannu ba. Na yi masa allurar fensilin saboda ƙujewar da ƙashin ya yi masa, na ce ya isa haka, in aka matsa za a ji masa ciwo.

Saura ruwan jiki, wanda shi ke kashe irin wannan kare tun kafin toshewar ta kashe shi. Ba mu da ruwan ƙari a shekarar, sito ya bushe. Na ce a tafasa ruwa a sa ɗan gishiri da zuma kaɗan, a riƙa ba shi ɗan mitsitsi, abin da zai jiƙa harshe, a dakata, a sake. In aka ba shi da yawa zai amayar, ya fi da muni. Abinci kuwa ko loma. Jaɓɓi dole ya fita da shanun, in ba haka ba yunwa ta kashe su. Na dubi Inna. Matar nan tun da aka haife ta ba ta taɓa kare da hannunta ba, ta faɗa mini haka. Ta shiga bukka ta fito da wani tsohon ludayi mai dogon mariƙi, ta ce wannan ya zama nasa, ba zai koma cikin ƙorenta ba. Ta zauna a kan turmi, ta miƙa hannu iya tsawonsa, tana ɗiga masa a gefen baki.

Ina da allura a ƙauyukan wajen 'Yargalma a makon, don haka na riƙa sammako in biyo ta rugar, in dawo ta nan da yamma. Kowane zuwa sai mun maimaita: tsumma, ruwan ɗumi, yauƙi, yatsa. Dogon abin yana raguwa. Dunƙulen gaba yana nan inda yake. Karen kuwa ya gane ƙarar babur ɗina, da ya ji ta sai ya ja jiki ya shige ƙarƙashin rumbu, sai Jaɓɓi ya jawo shi.

Wata safiya na iso na tarar da Jaɓɓi zaune a bakin shinge, idanunsa jajur. Ya kwana yana hura wuta, barci ya ɗauke shi gab da asuba, kura ta ɓalle ƙaya ta ja maraƙi guda. Ga sawun jan a ƙasa har cikin sabara. Karsanar ta firgita ta yi ta dukan shinge, ya ji tsoron kada ta yi ɓari. Kuma Duna ya sake amai da safen, rawaya. Inna ta ce tukunyar filaskonta tana nan, ta sake dafa sabo. Ta ce ni na yi nawa, a bar ta ta yi nata, in zai mutu ya mutu an san an gwada. Jaɓɓi ya juyo. Ni ya kalla.

"Malam, gaya mini gaskiya. In wahala ce muke ba shi, in ɗauke shi in kai bayan tudu."

Na ce su bari in taɓa. Dasashi da sauran ja. Cikin bai kumbura ba, yana lotsawa. Zafin jiki bai hau ba. Na nemi dunƙulen inda na saba samunsa, ban same shi ba. Na bi baya kaɗan, sai ga shi, ya gusa kamar faɗin yatsu, kuma ya hau layin da dogon abin yake. Na kama hannun Jaɓɓi na ɗora a wurin, na nuna masa inda yake jiya da inda yake yau. Mutumin da ya yi shekaru yana juya ɗan maraƙi a cikin uwarsa ba ya buƙatar dogon bayani. Ya ce da Inna ta ajiye tukunyar. Na ce mata abin da ke tafiya da kansa ba a kora shi, in aka kora shi a nan zai iya yaga. Amma yanzu da ya shiga babbar hanya za ta iya ƙara masa yauƙin kuɓewar a ruwansa, da ɗan man shanu a bakin ludayi, ya lasa da kansa, kada a ɗura, don in mai ya sarƙe shi ya shiga huhu wata cutar ce. Ta ce man shanun da ya rage mata ɗan kaɗan ne a kwalba. Ta ɗauko shi.

Aman bai sake dawowa ba. Washegari da yamma, bayan mun yi ruwan ɗumi, ya tashi yana layi ya tafi gindin wata geza ya tsuguna. Ya daɗe yana nishi. Na ga bakin abin ya leƙo da wani zare-zare a jikinsa. Jaɓɓi ya kai hannu zai ja, na riƙe shi. Duk abin da ya fito kamar igiya ba a jan sa, ba ka san inda ɗaya bakin ya naɗe ba. Na zuba yauƙi a wurin, na tallafa kawai, shi ya yi sauran. Da ya faɗo na farfasa shi da tsinke. Gashin wutsiyar saniya ne ya naɗe wani yankin fata da guntun kofato, ya dunƙule tam. Jaɓɓi ya tsuguna ya duba. Ya zuba ruwa daga butarsa a kan gashin, launin ya fito. Ya ce ta jar saniyarsa ce, uwar garken, ita ce ta ƙarshen mutuwa. Ya ɗauko fartanya ya kwashe, ya kai ramin, ya haƙa da zurfi ya binne. Ni da shi muka jawo ƙaya da duwatsu muka danne wurin har magariba ta kusa.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda masu dabba suka fi gazawa a kai. Kare ya warke yana jin yunwa, mai shi yana murna, sai ya jefa masa ƙashi. Na ce kunu tsararo kaɗan-kaɗan tukuna, sannan a sa tsala in an samu, sannan tuwo mai laushi. Ƙashi kuwa ya yi bankwana da shi. Inna ta ce ita da ba ta ƙoshi ba, yaya za a yi ta dama wa kare kunu. Ta dama. Kafin ruwan farko ya sauka Duna ya koma bakin shinge, muryarsa ta dawo tun kafin naman jikinsa ya dawo. Kura ta sake zuwa ba sau ɗaya ba, ba ta ƙara ɗaukar komai ba. Karsanar ta haihu da damina, mace. Da kaka ɗaya daga cikin 'ya'yan ya dawo da 'yan shanun da ya samu na ladan kiwo. Garken bai koma yadda yake da ba, har Jaɓɓi ya rasu bai koma ba, amma ruga ta ci gaba da zama ruga.

Na yi shekaru ina zuwa musu rigakafi kafin a mayar da ni Gummi. Inna Dije takan aiko mini da man shanu ranar kasuwa, kuma duk zuwana sai ta gaya mini da an bar ta da filaskonta da tuni an gama. Duna kuwa bai yafe mini ba. Mutane da yawa suna zuwa rugar a kan babur, ba ya kula su. Nawa yana jin sa tun daga gangaren gulbi. Zai fito ya tare hanya, gashin bayansa a tsaye, haƙora a waje, sai na kashe babur na tsaya nesa ina sallama, har Jaɓɓi ya zo ya sa masa igiya ya ɗaure a gindin rumbu. Duk tsawon aikin da zan yi yana can yana gurnani, idonsa a kan akwatina. Har ya tsufa gemunsa ya yi fari bai fasa ba.

Wata rana ya kusa kama mini ƙafar wando, na ce da Jaɓɓi wannan wane irin kare ne marar godiya. Yana ɗaure igiyar ya amsa mini.

"Kada ka ji haushi nai, Malam. Da shina kwance ai bai hana ka shiga ba. Kai ka tashe shi."